Tafiyata Ƙonni Neman Fuskar Malam

Tun da na dawo daga Ƙonni 'yan majalisarmu ta bakin tashar Boɗinga suka hana ni sakat. Kwana ɗaya na yi a can, amma sun riga sun laƙaba mini suna Ɗan Ƙasar Waje, in na iso har wani ya tashi ya kakkaɓe mini benci da hularsa. Tambayar kullum ita ce me na gani, me na ci, kuma wai da gaske ne na tsallake iyaka saboda hoto guda. Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, ga shi kowa in ya juya baya sai ya ƙara nasa gishirin, har na ji an ce jirgin sama na hau. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana.

Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam har da mu 'ya'yansa, ya ƙare rayuwarsa yana karantar da Alƙur'ani a zaurensa, kuma bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ko katin zaɓe bai yi ba saboda wannan. In aka ɗaga waya a wurin ɗaurin aure sai ya ja gefen rawani ya rufe fuska. Ya sha faɗa a gaban jama'a cewa duk wanda ya ɗauke shi, bai yafe ba. To sai ga shi bayan rasuwarsa hoto ya ɓulla a gurup ɗin dangi: wani dattijo zaune a kan buzu, fari a sama, fari a ƙasa, duhu a tsakiya. Kowa ya ɗora shi a fuskar wayarsa, aka yi ta zuba addu'a a ƙarƙashinsa, ba wanda ya tuna da maganar rashin yafiya.

Mahaifiyarmu Inna kuwa idonta tafiya yake yi. Likita ya gaya mana ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. In aka miƙa mata wayar sai ta kawo ta daf da hanci, ta jujjuya, ta mayar. Rannan ta kira ni, don ni ne auta, kuma autan gidanmu ko ya yi furfura shi ne ɗan aike.

"Auta, wanga abu da kuka gwada mani, ni ban ga kowa ba ciki," in ji ta. "A yo mani shi girman tiren shayi, in gan shi tun idon na gani."

Na fito da sanin lokacin da ya rage ba shi da yawa.

Zangon farko bai yi nisa ba, shagon Murtala mai hoto ne, abokina tun firamare. Ya zuba hoton a kwamfuta ya ja shi ya ƙara girma, sai fuskar Malam ta tarwatse ta koma kamar an jera bulo.

"Wanga hoto ya sha wuya," in ji Murtala. "Wani ya tura ma wani, wancan ya ɗauke shi daga fuskar waya, ya yanke gefe, ya sake turawa. Duk hannun da ya bi sai an rage mishi nauyi. Hoto ɗigo-ɗigo na, kamar ƙwayar gero. Geron da ya cika murfin kwalba, in ka baza shi ga tire, mi za ka gani? Tire za ka gani."

Amma ya ce kada in damu, yana da wata manhaja da ke tayar da mataccen hoto. Ya danna, abu ya yi ta juyawa, sai ga wani kyakkyawan dattijo ya fito. Kumatu sumul kamar ango, tsagar da ke fuskar Malam ta ɓace, ga murmushi da fararen haƙora a jere. Malam kuwa giɓi gare shi a gaba tun yana saurayi, jaki ne ya kayar da shi. Duk da haka ni da Murtala muka tsaya muna yaba aikin, aka buga a takarda mai ƙyalli, na kai gida ina taƙama.

Inna ta daɗe tana dubawa.

"Wa na wanga?"

"Malam na, Inna."

"Wa yab ba shi haƙora?" Ta miƙo mini. "Mai da shi ga masu shi, ƙila suna can suna biɗatai."

Da na koma, Murtala ya sosa ƙeya ya ce ba yadda za a yi sai an samo uwar hoton, wato shi kansa wanda waya ta ɗauka tun kafin ya fara yawo. Ya ba ni filashi, ɗan abin nan da ake zuba hotuna a ciki, ya ja mini kunne: a kwafo shi kai tsaye, kada a tura ta waya, kada a yanke, kada kuma in bar kowa ya yi masa kwalliya. Na ce wannan na ƙarshen ai shi ya fi kowa sani.

Wadda ta fara sa hoton a gurup Yaya Rabi ce, babbar yayarmu da ke aure a Shagari, don haka can na nufa. A mota na zauna kusa da wani ɗan Sifawa, ya leƙo wayata ya ga hoton, ya rantse baffansa ne da ya rasu bara. Ban yi gardama ba. A yadda hoton yake, baffan kowa ne. Yaya Rabi ta dama mini fura, ta yi mini faɗan rashin zumunci, sannan ta ce ita daga Sani direba ta samu, ɗan Mandera da ke yi wa mijinta jigilar albasa. Na bi shi har Lambara a kan kabu-kabu, na same shi a ƙarƙashin motarsa, ƙafafu kawai a waje.

"Isiya yat turo mani," in ji shi bayan ya fito. "Tsohon ɗalibin Malam, wanda ke sai da turare Ƙonni. Ran da Malam ya rasu na. Ya ce kar in gwada ma kowa, ni ko Rabi kaɗai na gwada ma."

Muka kira Isiya a wayar Sani. Gaisuwa ta tafi tiryan-tiryan, ya tambayi Inna, ya tambayi kowa da sunansa, murya garau kamar yana gabanmu. Ina ambaton hoto ya ce, "Wane hoto?" sai kuma ya fara cewa ba ya ji, layi ba kyau. Muka sake kira, waya a kashe. Sani ya ce wannan sai ido da ido, kuma gobe zai tafi Illela ba kaya, in ina so ga kujera.

Na yi shiri kamar mai zuwa Makka. Na sa babbar rigata ta Sallah, na tattara duk wata takarda mai hotona na cusa a ambulan. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne motar Sani. An sauke albasa, amma warinta bai sauka ba, har da na wadda ta ruɓe a lungunan bodi tun bara. Kafin mu wuce Sakkwato rigata ta gama sha. Wajen Gwadabawa taya ta yi faci, muka zauna a gindin bishiya muna cin rogo da ƙuli, Sani yana ba ni tarihin kowane rami da ke kan hanyar kamar danginsa ne. Muna isa Illela dillalan albasa suka yo kaina, ɗaya ya riƙe mini hannu, ɗaya yana tambayar buhu nawa na kawo. Na ce ni hoto na zo nema, suka yi dariya suka ce Alhaji ya iya ɓoye ciniki.

Iyakar da na kwana ina fargaba kuwa ta ba ni kunya. Na zaci zan ga katanga da ƙofar ƙarfe. Abin da na tarar mutane ne ke ta kai da kawo, masu jakuna, masu babura, har da wata mai fura da aka ce kullum a wata ƙasa take sayarwa ta koma wata ƙasa ta yi Azahar. Ni kaɗai ne na tsaya ƙiƙam da ambulan a hannu, don haka ni aka kira. Wani jami'i ya tambaye ni abin da zai kai ni, na ce hoto zan ɗauko. Ya ce ina jakar kayana, na ciro filashi daga aljihu. Ya dube ni, ya shinshina rigata, ya sake dubana. Sai na nuna masa hoton a waya na yi masa bayani. Ya ƙura masa ido ya ce sak kakansa, sannan ya ɗaga mini hannu ya ce, "Wuce, Allah shi jiƙan shi, ko wane na."

Masu tambayar yadda ƙasar waje take, ga amsa: Hausarsu ta fi ta Kano kusa da tamu, sai dai sun barbaɗa mata Faransanci. Waya salula ce, wutar lantarki kuran ce. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa ya kankare mini dasashi, su kuma da miya suke ci hankali kwance. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da rana ta take tsaka sai ka ga ana jan ƙofofin shaguna, kowa ya tafi ya kwanta. A Boɗinga mai shagon da ya rufe da rana sai a taru a ƙofarsa ana tambayar wa ya rasu. Ni kuwa daidai lokacin na iso, na zauna a dakalin shagon Isiya ina gadin kwado har La'asar.

Da ya zo ya gan ni bai yi mamaki ba, kamar dama ya san za a rina. Siriri ne, zamansa irin na Malam, har gyaran muryarsa irin ta Malam, abin ya taɓa mini zuciya. Ya ƙi zama tabarma ɗaya da ni, wai ni ɗan malaminsa ne, alhali ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya kai ni gida, aka fitar da yara daga ɗaki aka ba ni, katifa sabuwa da gidan sauro, sai dai wani rago da aka ɗaure a jikin taga wanda bai san an yi baƙo ba. Aka kawo dambu da zogale, aka kawo zabuwa, aka kawo kilishi. Sai shayi a 'yan kofuna kamar na shan magani. Mu a gida cika moɗa ake yi a kurɓe a tashi. Su kuwa na farko ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi, kuma rashin tarbiyya ne ka kawo maganar da ta kawo ka kafin a gama. Duk sanda na buɗe baki sai Isiya ya ɗora wata butar. Muka yi hirar damina, muka yi ta turare, muka yi ta mutanen da ban taɓa sani ba. Hoto bai shigo ba.

Sai da safe, bayan mun dawo masallaci, ya zauna kansa a ƙasa ya ce, "Ɗan Malam, ni niɗ ɗauke shi."

Ya ba ni labarin. A zuwansa na ƙarshe Boɗinga ne ya tarar da Malam a zaure da safe yana duba allon wani ɗalibi, jikinsa ya ba shi ba zai sake ganinsa ba. Sai ya ciro waya kamar mai duba lokaci, ya danna. Tun daga ranar kalmar nan ta "ban yafe ba" take bin sa. Ya kasa gogewa, ya kasa kallo. Ranar rasuwar ce kawai baƙin ciki ya sa ya tura wa Sani, washegari ya ga hoton a wayar mutanen da bai sani ba. Sai ya zare memorin daga wayar, ya sa a gwangwanin man zafi ya ɓoye.

"Yanzu kuma ka zo in ƙara girman zunubin, shi kai tiren shayi," in ji shi.

Ni ba malami ba ne balle in ba shi fatawa. Na dai gaya masa halin da idon Inna ke ciki, da yadda take kawo waya daf da hanci ta mayar. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin.

"In Inna ta, shi ke nan," ya ce. "Zunubin nawa na, kallon nata."

Muka je shagon wani maƙwabcinsa mai kwamfuta, muka tarar ba kuran, muka sake shan shayi har aka kawo. Mutumin kirki ne, amma yana ganin hoton ya fara jawo furanni zai zagaye shi, ya ce kuma zai cire zauren ya sa Ka'aba a baya, kyauta. Malam ko Illela bai taɓa zuwa ba. Na riƙe masa hannu, na tsaya a kansa har ya kwafa a filashi yadda yake. Ya ce 'yan Nijeriya ba mu san ado ba. Isiya ya rako ni bakin iyaka da kwalbar turare, ya ce in fesa wa rigata.

Da na dawo Boɗinga, Murtala ya buɗe hoton, ya ja, ya ƙara ja, fuska ta ƙi fashewa. Ga tsaga, ga furfurar gemu ɗai-ɗai, har zaren rawani ana gani. Na ce to a buga, ya ce da sauran aiki. Fuskar kwamfuta fitila ce, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, abin da ya yi daidai a nan duhu zai yi a can. Ga shi farin rawani ya rinjayi wayar ta dusashe fuskar. Sai ya ɗaga hasken fuskar kaɗai, kaɗan-kaɗan, ya bar rawanin kada ya ƙone ya zama fari fat. Na ga hannunsa yana sulalewa wajen tamojin goshi zai goge, na yi tari, ya janye. Muka tafi Sakkwato inda ake da babban inji. Can ma bai yarda an buga gaba ɗaya ba, sai da aka fitar da 'yan yanka-yanka na fuskar kawai, muka fito da su waje muna dubawa a hasken rana. Wani ya yi ja kamar an shafa wa Malam lalle, wani ya yi toka-toka, har aka dace da launinsa. Ya zaɓi takarda marar ƙyalli, ya ce kada a sa gilashi, don ƙyalli mayar da haske yake yi cikin ido, idon Inna kuma ba ya son haka.

Da hantsi na kai mata, lokacin da ta fi gani. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dogonyaro, na jingina hoton da turmi. In ta sake cewa a mayar wa masu shi ban san kuma ƙasar da zan nufa ba. Ta matso ta fara daga ƙasa. Ta ce buzunsa ne. Ta hau zuwa allo, ta wuce hannu, ta wuce gemu, ta tsaya a baki. Ta daɗe a nan. Sai na ga kafaɗunta na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya take yi.

"Ya sani," ta ce. "Wallahi ya san ana ɗaukatai."

"Inna, sata anka yi. Isiya da bakinai yag gaya mani."

"Isiya mi ya sani? Dubi bakin. Ka ga yadda ya tura leɓen ƙasa ya danne na bisa? Giɓinai yaka ɓoyo. Malam ba ya yin haka sai in ya san ana kallonai. Haka ya yi ran da ya zo gidanmu biɗar aurena, har na ɗauka bebe na. Dubi rawani ma, an gyara shi."

Na sunkuya na duba. A na waya kowa ya ɗauka allo yake kallo. A wannan kuwa kai na sunkuye, amma idanun suna sama, sun kafe wayar Isiya. Mutumin da ya tsorata gari guda da rashin yafiya ya zauna tsaf, ya gyara rawani, ya ɓoye giɓi, ya bari an ɗauka.

"Kira mani yaron ga," in ji Inna, tana share ido da gefen mayafi, don zuwa lokacin dariyar ta juye. "Gaya mishi shi bar wahal da kainai. Da Malam bai so ba, ai gefen rawani na nan kusa."

Na kira Isiya na faɗa masa kalma da kalma. Wannan karon layi lafiya lau yake, ina jin shesshekarsa.

Na so a kafa ƙusa a rataye shi a ɗakinta, ta ce a'a, Malam ba ya son hoto a bango. Ta naɗe shi a tsohuwar rigarsa ta tura ƙarƙashin gado, kullum da hantsi ta fito da shi. Yanzu idon ya kusa gama tafiya, haske da duhu kawai take bambancewa. Makon jiya na shiga gaishe ta na same ta da shi a cinya. Takardar da muka sha wahalar zaɓa ta fara kodewa a wuri guda saboda shafa, in Murtala ya gani sai ya yi mini rigima. Ba ta ji shigowata ba. Yatsanta ya tafi kai tsaye kan bakin, ba lalube.

"Saki bakinka, Malam," take cewa. "Ni za ka ɓoye ma?"